Hoton babur na baƙi da fari: me yasa yake fitowa kamar toka, kuma ina gyaran yake

Akwai wani ƙorafi da nake yawan ji daga masu son ɗaukar hoton babur, kuma kusan bakinsu ɗaya: na wanke mashin ɗina tas, na goge shi har yana ɗaukar ido, na ɗauka, da kala ya fito ba laifi, amma ina mayar dashi baƙi da fari sai komai ya dagule kamar an watsa masa toka. To daga nan sai mutum ya kama maɓallin kontiras, mai ƙara tazara tsakanin haske da duhu, ya ja shi har ƙarshe, tayoyi su nutse cikin ƙasa baka san inda roba ta ƙare kwalta ta fara ba, salansa kuma ta ƙone fari fat babu komai a jikinta, an gudu ba a tsira ba kenan.

Ni a ganina yawancin matsalar tun kafin a danna kyamara aka yi ta, editin kawai tona ta yake yi. Babur abu ne mai wuyar sha'ani a gaban kyamara saboda jiki uku gareshi waɗanda basa shan inuwa ɗaya: akwai ƙarfe mai ƙyalli wanda madubi ne zalla, akwai roba da sit da baƙin firam masu shanye haske basa mayarwa, sannan ga fentin tanki a tsakani. Mota jiki ɗaya ce shimfiɗaɗɗiya, shi kuwa babur duk kayan cikinsa a waje suke, inji, wayoyi, sarƙa, kuma ta tsakaninsu kana hango abin da ke bayansa. A hoto mai kala, kalar ce take rabawa idonka wannan tarkacen, ja daban kore daban. Da ka cire ta babu abin da ya rage maka sai haske da duhu, in abu biyu suka faɗa toka iri ɗaya sun zama abu ɗaya kenan ko da a zahiri basu da alaƙa.

Bari mu fara da yadda kyamara take auna haske, don nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami basu sani ba. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara, har ta waya, bai san baƙi ba bai san fari ba, shi dai duk abin da ka nuna masa ƙoƙarinsa ya mayar dashi toka tsaka-tsaki, wadda masu hoto suke lissafawa da abu mai mayar da kusan kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka kansa. Kaga in baƙin babur ya cika maka fuskar kyamara sai ta ɗauka duhu ne yayi yawa, ta ƙara haske, baƙin ya koɗe ya koma toka, ƙarfen mai ƙyalli kuma ya ƙone gaba ɗaya. In farin babur ne akasin haka, ta rage, farin ya dishe. Wannan ne ya sa wasu masu ɗaukar hoto biyu, Ansel Adams da Fred Archer, suka tsara wani tsari a wajajen 1940 a Amurka, suka raba haske hawa 11, daga 0 wato baƙi ƙirin zuwa 10 fari fat, tokar tsakiya tana hawa na 5, kuma kowane hawa ninki biyu ne na hasken wanda ke ƙasa dashi. Abin da ya shafe mu a ciki shine hawa na 3, nan ne duhun da har yanzu ido yana ganin zane a cikinsa, to nan ya kamata tayar babur ta zauna. A aikace: ka auna hasken a jikin taya, abin da kyamara ta baka ka rage hawa 2. Sannan ka duba salansa da fitila, in sun wuce hawa na 8 to hasken wurin ne yafi ƙarfin hoton, ba laifin kyamara bane, wuri ko lokaci zaka canza.

Yanzu ƙarfe mai ƙyalli, kuma nan nakeso in daɗe don shine zuciyar maganar. Kurom, wato wannan ƙarfen mai ƙyalli, bashi da kalar kansa, abin da ke kewaye dashi yake nunawa. Idan ka ɗauki hoton salansa ba salansar ka ɗauka ba, ka ɗauki hoton sama da ƙasa da ginin da ke bayanka da kai kanka a tsugune, duk a lanƙwashe a jikin bututu. Haske yana tashi daga madubi da irin kusurwar da ya sauka, wannan doka ce bata canzawa, to tunda bututun zagaye ne, kusan duk abin da ke gabansa da samansa da ƙasansa sai ya shigo. Shi yasa haska kurom da filashi kai tsaye aikin banza ne, abin da zaka samu ɗigo ɗaya ne mai zafi kamar tauraro, sauran jikin kuma baƙi. Haka ma rana tsaka, ɗigo-ɗigo masu ƙuna a kowane kusa da kowane lanƙwasa, ido ya rasa inda zai sauka. Ba ƙarfen ake haskawa ba, abin da ƙarfen yake kallo ake haskawa. In kanaso salansa ta fito fara sumul mai laushi sai ka sa ta kalli abu fari mai faɗi, sama mai lulluɓe da gajimare, ko farin bango da rana ta buga, ko ƙaton farin kwali ko zani da wani ya riƙe maka daga gefe inda bazai shiga hoton ba. Kuma gwargwadon faɗin abin da kusancinsa gwargwadon tsawon farin layin da zai kwanta a jikin bututun.

Amma fa kar a wuce gona da iri. Kurom ɗin da ya zama fari ko'ina baya kama da kurom, kama yake da roba ko fenti. Abin da yake gayawa ido cewa wannan ƙarfe ne mai ƙyalli shine fari da baƙi suna gogayya a jikinsa da iyaka mai kaifi, farin sama daga sama, duhun ƙasa daga ƙasa, layi ya ratsa tsakani. Saboda haka masu ɗaukar hoto a ɗaki har baƙin kwali suke jerawa da gangan don ya zana duhu a gefen ƙarfen. A waje kuma ƙasa ce take maka wannan aikin kyauta, musamman kwalta mai duhu. Ni dai lokacin da nafi so shine bayan rana ta faɗi da ƴan mintuna ko gab da fitowarta, sama duk ta zama fitila ɗaya mai faɗi, gefe guda yafi haske ya tafi yana dishewa a hankali, wannan dishewar kuwa in ta kwanta a kan tanki ita ce take nuna ƙirarsa, tudunsa da kwarinsa, abin da babu wata manhaja da zata ƙirƙiro maka shi daga baya. Sannan ka sa kaya masu duhu, ka ja baya, in ba haka ba zaka ga farar rigarka a murfin inji bayan ka dawo gida.

Wani zai ce ai akwai filta mai kashe ƙyalli, folaraiza. E tana aiki, amma a san iyakarta. Tana rage ƙyallin fenti da gilashi da ruwa da roba, tana duhunta shuɗin sama, amma ƙyallin tsurar ƙarfe kusan bata taɓa shi, don hasken da ya tashi daga ƙarfe baya jeruwa yadda na fenti yake jeruwa. Kuma tana cinye rabin hasken da zai shiga kyamara ko ma fiye. A baƙi da fari ma ina jan kunne da ita, don in ka murɗa ta har ta kashe duk ƙyallin tanki to ka kashe abin da ke nuna siffarsa, ya zama faci kawai. Rabi-rabi ya isa.

Taya da sauran baƙaƙen sassa matsalarsu ɗaya, rabuwa da abin da ke bayansu. Baƙar taya kan baƙar kwalta a gaban duhun bishiya, me kake tsammani? Dokar mai sauƙi ce, duhu ya jingina da haske, haske ya jingina da duhu. Ka zaga babur ɗin kana kallon gefe-gefensa kawai, madubi, kai, bayan sit, ƙasan inji, ka tambayi kanka kowanne da me ya jingina. Wani lokacin taku ɗaya zuwa hagu ya raba madubi da sandar fitilar titi da ta tsiro a kansa. In hasken ya fito daga baya ta gefe zai zana siririn farin layi a saman taya da sit, wannan layin shi kaɗai ya isa ya ɗago baƙin babur daga baƙin bango. Jiƙaƙƙiyar ƙasa bayan ruwan sama ma tana taimakawa sosai tunda tana mayar da hasken sama a ƙarƙashin tayoyin.

Sai inji, shi kuma abin da yake so ya saɓa da na kurom, nan rikicin yake. Injin da iska ke sanyayawa, mai haƙarƙari jere-jere, irin na BMW mai silinda biyu a kwance hagu da dama wanda suka fara tun 1923 da samfurin R32, ko na Harley-Davidson mai silinda biyu da suka buɗe kusurwa 45, ko Honda CB750 na 1969 mai silinda huɗu da salansa huɗu, irin wannan injin kamar don hoton baƙi da fari aka ƙera shi. Amma haƙarƙarin baya fitowa sai haske ya goge shi ta gefe ko ta sama a karkace, kowane ɗaya ya samu farin baki da inuwa a ƙarƙashinsa. Haske mai laushi da yazo ta gaba yana shafe shi. To kaga kurom na son laushi, inji na son kaifi, dole ka zaɓi wanda hoton yake magana a kansa. In dukkan babur ɗin kake so, inuwa mai buɗaɗɗen gefe ɗaya ita ce sulhu, kamar bakin gareji ko ƙarƙashin gada, inda hasken mai laushi ne amma daga ɓangare guda yake shigowa.

Akwai wata ƴar dabara da ba kowa ke lura da ita ba. Jak ɗin gefe a hagu yake, to babur in ya tsaya hagu yake kwantawa. In ka tsaya ta hagunsa ya sunkuyo maka kenan, injin ya shiga inuwar tanki. In ka zaga ta dama sai ya kwanta baya, injin ya ɗan kalli sama ya sha haske, kuma a yawancin babura ta nan salansa take. Ka sauko da kyamara daidai tsayin tanki ko ƙasa da haka, hoton da aka ɗauka a tsaye yana danne babur ya zama kamar abin wasan yara. Ka ja baya ka zuƙo da dogon gilashin kyamara mai jawo nesa kusa, milimita 85 zuwa sama, don in ka matso da gilashi mai faɗi tayar gaba zata kumbura ta baya ta tsuke, tayoyin ma su daina zama zagaye.

Mu dawo kan kala, don ko da zaka cire ta sai ka san me take yi. Idonmu baya ganin kaloli da nauyi ɗaya, tsohon lissafin da aka yi amfani dashi a talabijin wajen mayar da kala toka yana ba kore kusan kashi 59, ja kashi 30, shuɗi kashi 11. Abin da hakan ke haifarwa shine jan Ducati mai kyau a gaban koren ganye zasu iya faɗawa toka guda, babur ɗin da yake tsalle yana fitowa da kala sai ya ɓace a baƙi da fari. Masu fim ɗin kyamara na da sun san wannan, shi yasa suke yawo da gilasai masu kala suna ɗaurawa a bakin kyamara, kuma dokar ita ce filta tana haskaka kalarta tana duhunta kishiyarta. Ja tana haskaka jan tanki ta mayar da shuɗin sama kusan baƙi, sai dai kusan kashi 1 cikin 8 na haske kawai take bari ya wuce. Rawaya tana yin haka a hankali. Kore tana ɗaga ganye ta danne ja. Yau duk wannan yana cikin manhaja, Lightroom, Photoshop, Silver Efex, ko darktable da GIMP waɗanda kyauta ne, akwai wurin da zaka ja kowace kala daban ka ce ja ya haska kore ya duhunta. Wannan shine ainihin aikin mayar da hoto baƙi da fari, ba danna filta ɗaya ba. Jan babur a gaban ganye ka yanke shawara ɗaya, ko ya fi ganyen haske ko ya fi shi duhu. Koren Kawasaki a gaban ciyawa kuwa babu maɓallin da zai raba su tunda kalarsu ɗaya, sai dai ka ɗauke babur ɗin daga wurin, haka babur ɗin KTM mai kalar ruwan lemo a gaban jan bulo.

Kuma wannan aikin bazai yiwu ba sai in ka ɗauka da kala, a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoton da kyamara bata sarrafa ba, in kyamararka ko wayarka tana yi. JPEG, fayil ɗin hoton da aka saba dashi, hawa 256 kawai yake riƙewa a kowace kala, RAW mai bit 12 yana riƙe 4096, mai bit 14 kuma 16384, to a hoton da duk rayuwarsa ta dogara da yadda toka ke narkewa cikin toka wannan bambancin ba ƙarami bane, in ka matsawa JPEG zaka ga sama da tanki sun yanke layi-layi. Abin da nake yi shine in sa fuskar kyamara ta nuna min baƙi da fari tun a wurin don in ga inda abubuwa suka haɗe, fayil ɗin RAW kuma yana ajiye kalar a ɓoye. Sai dai a yi hattara da jan shuɗi da ƙarfi. Yawancin kyamarori suna amfani da tsarin Bryce Bayer na kamfanin Kodak wanda aka yiwa rajista a 1976, wato yadda ake jera kaloli a kan ɗigogin da ke karɓar haske a cikin kyamara, rabin ɗigogin kore ne, ja rubu'i shuɗi rubu'i, kuma shuɗin ne ya fi saurin kawo dusa-dusa, in ka danne sama da yawa zaka ganta ta yi tsaki-tsaki da farin zobe a gefen madubi da kan babur. Akwai kyamarorin da aka cirewa wannan tsarin gaba ɗaya kamar Leica M Monochrom ta 2012, suna da kaifi amma mai irinta dole ya koma ɗaura gilasai masu kala kamar da, don babu kalar da zai ja daga baya.

Babur mai gudu wani babi ne amma bazan wuce shi ba. In ka ɗauka da ƙyaftawar kyamara, wato buɗewa da rufewarta, mai sauri sosai, 1/1000 na daƙiƙa ko sama, komai zai daskare har wayoyin taya, sai ya zama kamar babur ne a tsaye aka ɗora mutum. Ka sauko 1/125 ko 1/60, in hannunka ya saba har 1/30, ka bi shi da kyamara daga ƙugu kana juyawa, ka danna baka tsaya ba. Baya zai shafe ya zama zane-zane, tayoyi su narke, mahayin da tanki su tsaya da kaifi, kuma kaga wannan ya warware matsalar rabuwar da muka yi ta magana ta wata hanya, don yanzu kaifi da shafewa ne suke raba su. Cikin goma wataƙila ɗaya ne zai fito, haka abin yake ga kowa. Ka duba hoton mahayin babur Rollie Free na ranar 13 ga Satumba 1948 a filin gishiri na Bonneville a jihar Utah, yana kwance rub da ciki a kan babur Vincent ƙirar Ingila sanye da gajeren wandon wanka, ya kai mil 150.313 a awa, sama da kilomita 241 kenan. Me ya riƙe hoton nan har yau? Baƙin babur, farin gishiri, jikin mutum a miƙe kamar kibiya, babu wani abu na huɗu da ke jan ido. Ko hoton da Danny Lyon ya ɗauka a 1966, mahayi yana tsallaka gadar kogin Ohio a Louisville ya waiwayo baya gashinsa a iska. Lyon ya yi shekaru yana hawa tare da mutanen da yake ɗauka, kuma ana ganin hakan a hoton, ya san inda zai kasance da lokacin da zai danna.

Editin kansa in an yi na farko daidai ba dogon aiki bane. Ka fara da raba kalolin, sannan ka kafa iyaka biyu, wuri ƙarami da zai zama baƙi ƙirin kamar can cikin inji, da wuri ƙarami da zai zama fari fat kamar ɗigon rana a bakin fitila, duk sauran ya zauna tsakani. Daga nan ka bar maɓallin kontiras na gaba ɗaya ya huta, ka ɗauki burushi ka yi abin da masu ɗakin wanke hoto suke yi da hannu da ɗan kwali, suna tare haske a wani wuri suna ƙara shi a wani. Ka ɗan haska haƙarƙarin inji da zanen taya da sunan da ke jikin tanki, ka ɗan duhunta kwalta da kusurwoyin hoton da duk wani farin abu a baya da ke satar ido, don ido wurin da ya fi haske yake fara zuwa. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa, yadda mai kallo bazai gane an taɓa ba. Maɓallin nan mai ƙara kaurin zane yana yiwa inji kyau amma yana ɓata fenti da sama da fuskar mutum, to a inji kaɗai zaka shafa shi. Tsaki-tsakin fim irin na Tri-X da Kodak ta fitar a 1954 yana da daɗin gani kuma yana ɓoye yankewar toka, ka sa shi a ƙarshe in kana so, sai dai bazai raba taya da kwalta ba.

In kuma tsohon hoto ne a hannunka na takarda, wani naka a kan babur ɗinsa shekaru aru-aru, ka yi masa sikan da kala ba da baƙi da fari ba, ɗigo 600 a inci ko sama, saboda tabon da ya yi rawaya zaka iya dishe shi ta hanyar haska rawayan, kamar yadda filta take yi. Kuma dan Allah ka yi kaffa-kaffa da manhajojin nan masu gyara hoto da kansu, abin da basu gani ba ƙirƙirarsa suke yi, sai su sauya rubutun jikin tanki, su ƙara ko su rage wayoyin taya, su gyara fuskar mutum ta koma ta wani. Wanda ya san babura ta murfin inji da siffar fitila yake gane samfuri da shekarar ƙira, in manhaja ta sauya su babur ɗin da ke hoton ba nashi bane kuma. Ka goge ƙura da karce da hannu ɗaya bayan ɗaya, ka ɗaga duhun a hankali har injin ya fara bayyana, ainihin sikan ɗin kuma ka ajiye shi daban kar ka taɓa.